Ƙidaya Kafin Keji: Yadda Alƙaluma Ke Hana Cunkoson Karnuka, da Darasin da Ke Ciki ga Lafia

A duk lokacin da kare ya ciji yaro a wata unguwa, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne, a Lafia ne ko a wani gari na ƙasar nan. Matasa su bi karen da sanduna da duwatsu, iyaye su ruga da yaron asibiti ko kemis ko wurin mai maganin gargajiya, sannan a yi ta kira ga hukuma da ta kwashe karnukan da ke gararamba a tituna ta killace su wuri guda. Bayan 'yan kwanaki magana ta lafa, sai wani cizon ya sake tayar da ita.

Kiran a kwashe karnuka yana da sauƙin faɗa, amma akwai tambayoyin da ke bayansa waɗanda ba kasafai ake yin su ba. Karnukan nawa ne? Nawa ne daga ciki ke da masu su? Ina za a kai su, na tsawon wane lokaci, kuma wa zai ciyar da su? Ƙasashen da suka daɗe da gina gidajen ajiye karnuka sun sha wahala kafin su gane cewa gidan da aka gina ba tare da amsar waɗannan tambayoyi ba yakan cika maƙil cikin ƙanƙanin lokaci, ya koma matattarar cuta, alhali tituna ba su rabu da karnuka ba. Inda aka samu sauƙi, rubutawa da ƙirgawa ne suka kawo shi: sanin abin da ke shigowa, abin da ke fita, da kwanakin da ke tsakani.

A yawancin biranen Arewa ba a saba da irin waɗannan gidaje ba. Wannan kuwa dama ce ga gari kamar Lafia, domin zai iya fara lissafi tun kafin ya aza bulo.

Dalilin da ya sa batun ya wuce na dabbobi

Abin da ya sa yawan karnuka ya zama batun lafiyar jama'a shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na hallaka mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari daga cikinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin ɗari na waɗanda ke kamuwa daga kare suke ɗaukar ta, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ƙwayar cutar na shiga jiki ta yawun dabba, ta bi jijiyoyi har ta isa ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamu su bayyana, ko da yake tana iya fitowa cikin mako guda ko ta kai shekara. Da zarar alamun sun fito, irin su firgita da tsoron ruwa da shanyewar jiki, kusan babu wanda ke tsira. Amma idan aka wanke ciwon aka kuma yi allura a kan kari, ana tare ta kafin ta kai ga hakan.

Tun a 1912 aka fara rubuta labarin cutar a Najeriya. A 2015 manyan hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya suka tsayar da shekarar 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin cizon mahaukacin kare, kuma a 2022 Najeriya ta ƙaddamar da nata tsarin na ƙasa na shekarun 2022 zuwa 2026. Ginshiƙin tsarin shi ne yi wa aƙalla kashi 70 cikin ɗari na karnuka allurar rigakafi. A nan ne buƙatar alƙaluma ta fito fili, domin ba a iya fitar da kashi 70 daga adadin da ba a sani ba.

Abin da aka sani game da karnukan Nasarawa

Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙira daga tsohuwar Jihar Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, tana da ƙananan hukumomi 13, kuma tana cikin jihohin da aka taɓa gwada ƙiyasta yawan karnukansu. Wani binciken gwaji da likitocin dabbobi suka gudanar, wanda mujallar Pan African Medical Journal ta wallafa a 2019, ya bi gidaje a wasu zaɓaɓɓun yankuna yana tambayar masu karnuka, ya kuma ƙiyasta cewa karnukan jihar sun haura 400,000. Idan aka ɗauki wannan adadi, kashi 70 cikin ɗari na nufin a yi wa aƙalla karnuka 280,000 allura a kowace shekara.

Irin wannan ƙiyasi mafari ne kawai. Yakan dogara da yawan gidaje da na mutane, kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba jihar mutum kusan miliyan 1.87. Daga wancan lokaci Lafia ta faɗaɗa ta fuskar Shabu da Kwandere da sauran gefuna. Ban da haka, jimillar jiha ba ta nuna wa jami'in da ke riƙe da akwatin allura ko ya fara da Bukan Sidi ko da Tudun Gwandara.

Akwai kuma batun zirga-zirga. Lafia na kan babbar hanyar da ta taso daga Abuja ta bi Keffi da Akwanga zuwa Makurɗi, sannan wata hanyar ta haɗa ta da Shendam a kudancin Filato. A Jihar Filaton ne kasuwar karnuka ta Dawaki take, cikin Ƙaramar Hukumar Kanke, wadda ta yi suna a faɗin Afirka ta Yamma, inda ake tara karnuka daga jihohin Arewa a yi safarar su zuwa Kudu. Bincike da dama da aka yi a Najeriya sun gano alamar ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka alhali a ido lafiyarsu ƙalau. Garin da ke kan mahaɗar hanyoyi yana buƙatar sanin karnukan da ke ratsawa ta cikinsa, bayan waɗanda ke zaune a cikinsa.

Wani abin lura shi ne, bincike a sassa daban-daban na Afirka ya nuna cewa mafi yawan karnukan da ake gani suna yawo suna da masu su. Na gadi ne da aka saki da dare, ko na farauta, ko na makiyaya, ko na yaran gida da ke fita neman abinci a bola su dawo. Wanda zai kwashe karnukan titi, akasari dukiyar mutane zai kwasa.

Lissafin da ke haifar da cunkoso

Masu kula da gidajen ajiye dabbobi suna amfani da wani lissafi mai sauƙi: yawan karnukan da za a tarar a gidan a kowace rana daidai yake da yawan waɗanda ke shigowa a kullum, a ninka da matsakaicin kwanakin da kowanne ke yi. Wani masani ɗan Amurka mai suna John Little ne ya tabbatar da wannan ƙa'ida a 1961, kuma tana aiki a layin banki da gadajen asibiti kamar yadda take aiki a kejin kare.

A ɗauki misalin gida mai keji 60. Idan karnuka biyar ke shigowa a rana, kowanne kuma ya yi kwana 10, za a riƙa samun karnuka 50 a ciki, da sauran wuri. Idan kwanakin suka koma 20, ko da masu shigowa ba su ƙaru ba, karnukan za su zama 100 a keji 60. Ke nan ana iya ninka cunkoso ba tare da an kamo ƙarin kare ko ɗaya ba, sai don jinkiri: ba a nemi mai kare da wuri ba, likita bai zo dubawa ba, wanda zai sa hannu a takardar sallama ya yi tafiya.

Keji ma ba shi kaɗai ne ma'auni ba. A Amurka ana ƙiyasta cewa kowace dabba na buƙatar aƙalla minti 15 a rana don ciyarwa da shara kawai. Ma'aikata biyu da kowannensu ke da awa biyar na wannan aiki suna da minti 600, wanda ya ishi karnuka 40. Saboda haka gida mai keji 60 da ma'aikata biyu, ƙarfinsa na gaskiya karnuka 40 ne.

Idan aka zarce wannan iyaka, sai matsala ta riƙa haifar da 'yar'uwarta. Karnuka su cakuɗu, tari da gudawa mai jini su yaɗu, marasa lafiya su daɗe ba a sallame su ba, daɗewarsu ta ƙara cunkoso, cunkoson ya ƙara cuta. A ƙasar da cutar haukan kare ke yawo, haɗa kare mai cizo da sauran a ɗaki guda haɗari ne ga dabbobin da ma'aikatan baki ɗaya.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Gidajen ajiye karnuka sun daɗe a Turai. Na Battersea da ke Landan tun 1860 aka kafa shi. Amma a Amurka sai a 2004 shugabannin ƙungiyoyin kula da dabbobi suka zauna a Asilomar da ke Jihar Kalifoniya suka amince da hanya ɗaya ta rubuta bayanai, domin a iya kwatanta wannan gida da wancan. Daga baya aka kafa rumbun bayanai na ƙasa mai suna Shelter Animals Count, wanda ya nuna cewa karnuka da kyanwoyi kimanin miliyan 6.5 ne suka shiga irin waɗannan gidaje a 2023. Alƙaluman sun bayyana cewa cunkoson da ya addabi gidajen bayan annobar korona ya samo asali ne daga tsawaitar zaman karnuka, musamman manya, domin masu fita ba su kai masu shigowa yawa ba.

Bayanan sun kuma sauya yadda ake aiki. Nazarin rajistar birnin Dallas da aka wallafa a 2021 ya gano cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɓatattun karnukan da aka mayar wa masu su, an tsince su ne a tazarar da ba ta wuce kilomita 1.6 daga gidajensu ba. Ma'ana, tambayar maƙwabta a inda aka ga kare ta fi saurin mayar da shi gida a kan ɗaukarsa zuwa wani gefen gari. Wani nazarin na 2009 a gidaje 53 ya nuna cewa kashi 52 cikin ɗari na karnukan da aka dasa wa ƙaramar na'urar shaida a ƙarƙashin fata sun koma hannun masu su, alhali a jimillar ɓatattun karnuka kashi 22 ne kawai suka koma. Ingila ta wajabta dasa wannan na'ura, mai girman ƙwayar shinkafa, tun daga Afrilun 2016.

Akwai kuma inda doka ta riga lissafi. A Yulin 2024 majalisar dokokin Turkiyya ta umarci ƙananan hukumomi da su kwashe karnukan titi su killace. Gwamnati ta ƙiyasta su da kimanin miliyan huɗu, alhali gidaje 322 da ake da su a lokacin ba su iya ɗaukar fiye da kimanin 105,000, wato kusan karnuka 38 ga kowane gurbi ɗaya. A Indiya, Kotun Ƙoli ta ba da umarni a ranar 11 ga Agusta, 2025 cewa a kwashe karnukan Delhi da kewaye cikin mako takwas. Bayan kwana 11 kotun ta sassauta, ta ce a mayar da su inda aka kamo su bayan an yi musu allura da tiyatar hana haihuwa, ban da masu cutar da masu kai hari.

Me ya sa kwashewa ko kashewa ba sa rage yawansu

Yawan karnukan unguwa yana bin yawan abinci da ruwa da mafakar da ke cikinta. Matuƙar akwai bola a buɗe, da tarkacen kwata, da ragowar abinci a tasha da bakin kasuwa, duk gurbin da aka bari wasu za su cike shi. Karya na ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, tana iya haihuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma 'ya'yanta kan isa haihuwa kafin su cika shekara ko jim kaɗan bayan haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya sun yi ittifaƙi cewa kisan kan mai uwa da wabi ba ya kawar da cutar haukan kare. Karnukan da suka fi sauƙin kamawa su ne masu sabo da mutane, waɗanda galibi su ne aka yi wa allura. Idan aka kashe su, masu su kan nemo sabbin 'yan kwikwiyo marasa allura, wasu kuma su gudu da karnukansu zuwa ƙauye, cutar ta bi su. Tsibirin Bali na Indonesiya ya gwada kisa bayan ɓarkewar cutar a 2008, amma bai ga sauƙi ba sai da ya koma ga allurar gama-gari.

Saurin haihuwa da mutuwar karnuka shi ne ma dalilin tsayar da kashi 70. Cutar ba ta da saurin yaɗuwa kamar ƙyanda, domin a matsakaici mahaukacin kare ɗaya ba ya harbin karnuka biyu cikakku. Amma a tsakanin zagayen allura na bana da na baɗi, karnukan da aka yi wa allura da yawa za su mutu ko a sayar da su, sabbi su maye gurbinsu. Farawa daga kashi 70 shi ke sa garkuwar ta ɗore har zagaye na gaba.

Yadda ake ƙirga karnukan gari

Ƙidayar karnuka ba ta buƙatar manyan na'urori. Hanya ta farko ita ce bin gida-gida: karnuka nawa ke gidan, maza ko mata, shekarunsu, ko ana ɗaure su, ko an yi musu allura da yaushe. Hanya ta biyu ita ce ƙirga na titi, inda mutum biyu ke bin wata sananniyar hanya da sassafe, lokacin da karnuka ke waje, su rubuta duk wanda suka gani. Idan aka maimaita a hanya ɗaya, a lokaci ɗaya, a wata ɗaya na kowace shekara, za a ga ko yawansu na ƙaruwa ko raguwa. Yawan karnuka mata masu shayarwa da aka gani yana nuna yadda baɗi za ta kasance.

Hanya ta uku ana haɗa ta da allura. Duk karen da aka yi wa, a shafa masa fenti a goshi ko a ɗaura masa abin wuya mai launi. Washegari a zaga a ƙirga. Misali, idan an yi wa karnuka 200 alama a wata unguwa, aka kuma ga 150 a zagayen washegari, 60 daga cikinsu da alama, to kashi 40 cikin ɗari aka samu. Hakan na nuna cewa karnukan unguwar sun kai 500, kuma sai an ƙara yi wa 150 kafin a kai 350 da ake buƙata. Maimakon a rubuta rahoton cewa an yi wa karnuka 200 allura a tafa, sai tawaga ta koma unguwar.

Da wannan dabara aka yi aiki a Injamena, babban birnin Chadi, inda aka yi wa karnuka sama da 18,000 allura a 2012 da sama da 22,000 a 2013, aka haura kashi 70 a duka zagayen biyu. Cutar ta ɓace daga birnin tsawon watanni a 2014, sannan ta dawo ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga waje, abin da ke da muhimmanci ga gari mai mahaɗar hanyoyi kamar Lafia. A Jihar Goa ta Indiya kuwa, manhajar wayar salula ce ke ɗaukar wurin da aka yi kowace allura, taswira ta nuna unguwannin da aka tsallake, a sake tura ma'aikata can. Mutanen da cutar ta kashe sun ragu daga 17 a 2014 zuwa babu ko ɗaya a 2018, kuma a 2021 aka ayyana jihar a matsayin yankin da aka shawo kan cutar. Meziko ma ta allurar karnuka ta bi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta kawar da cutar da ake ɗauka daga kare a tsakanin mutane.

Wane irin gida ne ya dace da Lafia

Duk wannan ba ya nufin babu buƙatar wurin killacewa. Akwai karnukan da dole a raba su da jama'a: wanda ya yi cizo kuma babu mai tsare shi, wanda ya ji mummunan rauni, da wanda ya saba kai hari. Ƙa'idar likitoci ita ce a sa ido a kan karen da ya yi cizo na tsawon kwana 10. Idan ya wuce su lafiya, ba ya ɗauke da ƙwayar cutar a yawunsa a ranar da ya yi cizon. Idan ya mutu ko ya nuna alamu, a kai samfurin ƙwaƙwalwarsa ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke aiki a can tun 1924 kuma take sarrafa allurar rigakafin karnuka.

Girman irin wannan wuri daga rajistar asibiti za a ciro shi. Misali, idan bayanan cizo suka nuna cewa karnuka 30 ne a wata ke buƙatar tsaro a wajen gidajen masu su, wato ɗaya a rana, kwana 10 ga kowanne na nufin keji 10, sai a ƙara kaɗan saboda lokutan da cizo ke yawaita. Wannan ya sha bamban da ginin da za a ce ya ɗauki dubban karnuka har abada.

Littafi guda ya isa a fara da shi, in dai ba a tsallake rana. Ga kowane kare a rubuta ranar shigowa, unguwar da aka same shi, jinsi da ƙiyasin shekaru, dalilin kawo shi, ko yana da mai shi, ko an taɓa yi masa allura, ranar fita da yadda ya fita. A ƙarshen mako a duba abubuwa uku: masu shigowa sun fi masu fita yawa? Matsakaicin kwanaki ya ƙaru? Daga waɗanne unguwanni aka fi kawo su? Idan unguwa ɗaya ke ta maimaituwa, to a can aikin yake, ko ta allura, ko ta tiyatar hana haihuwa, ko ta kwashe bola.

Littafin zai fi amfani idan yana magana da na asibiti. Duk wanda ya je da cizon kare manyan asibitocin Lafia ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ko ƙaramin asibitin unguwa, ya kamata labarinsa ya isa ga likitan dabbobi a ranar, domin a nemo karen a kuma gano ko ya ciji wasu. A Tanzaniya da Haiti wannan haɗin gwiwa ya taimaka wajen gano mutanen da aka ciza ba su je asibiti ba.

Alhakin wane ne

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin tsara yadda ake ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu, tare da kula da kwata da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da ke ƙayyade yawan karnukan titi. Sashen likitocin dabbobi na jiha ke da aikin allura da bincike. A matakin tarayya akwai Dokar Daƙile Cututtukan Dabbobi ta 2022, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka kafa a 2024, da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa a ɓangaren mutane.

Lafia na da hannayen da za su iya aikin ƙidaya. Akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafia, da na kwalejin aikin gona ta jiha, da na tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu. Masu unguwanni sun san gidajen da ke da karnuka, shugabannin mafarauta da 'yan sintiri sun san nasu, arɗo ya san na ruga. Sharaɗin samun gaskiya daga bakin jama'a shi ne kada rajista ta zama tarkon haraji ko hanyar ƙwace. Mutumin da ya ji cewa ƙirga karensa zai jawo masa tara, ɓoye shi zai yi, kuma karen da aka ɓoye ba ya samun allura.

Abin da ke hannun kowa

Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Ba a jiran cikar kwana 10 na sa ido kafin a fara allura. Yara sukan ɓoye cizo saboda tsoron faɗa, don haka ya kamata iyaye su saba musu da faɗin gaskiya ba tare da fargabar duka ba.

Karen da ya yi cizo, a tsare shi idan hakan zai yiwu ba tare da wani ya shiga haɗari ba, a kuma sanar da likitan dabbobi. Idan an riga an kashe shi, kada a farfasa kansa, kada a jefar da shi a bola, kada a sayar ko a yanka, domin da kan ne za a yi gwajin da zai nuna ko akwai sauran mutanen da ke cikin haɗari. Mai kare kuma ya kai shi allura a kowace shekara, ya adana katin, ya sa masa abin wuya mai ɗauke da shaidar gidansa.

A ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ake bikin Ranar Yaƙi da Cutar Haukan Kare ta Duniya, ranar da Louis Pasteur, wanda ya fara yi wa ɗan'adam allurar cutar a 1885, ya rasu. A irin wannan rana akan sanar da adadin karnukan da aka yi wa allura kyauta. Tambayar da ta kamata jama'ar Lafia da wakilansu su riƙa yi bayan kowace sanarwa ita ce: daga cikin nawa, kuma a waɗanne unguwanni? Amsarta ce za ta nuna yawan allurar da za a saya, girman kejin da za a gina, da unguwar da yaro zai iya tafiya makaranta ba tare da fargaba ba.